Shekarar da Aka Naɗe Tabarmin Gidanmu

Nana, mutane suna bari sai sun tsufa sannan su zauna su rubuta abin da ya same su. Ni ba zan iya jira ba. Tun ranar da kika zo hutu Kazaure kika dube ni a gaban mutane kika ce, "Yaya Sa'a, wai da gaske ne saboda kare kika ƙi zuwa sunana?" maganar take cina. Ranar ce miki na yi ki ci abincinki ki daina surutu, kuma na san wannan ba amsa ba ce. Yanzu kin iya karatu, to ga amsar. Eh, akwai kare a ciki. Amma waɗanda suka ba ki labarin sun yanke farkonsa sun yanke ƙarshensa, tsakiyar kawai suka miƙa miki.

Kin san ni ce 'yar fari a wurin Inna. Babana ya rasu ina ƙarama, daga baya Inna ta auri babanki ta tare a Babura, ni kuma aka bar ni a gidan kakana, Alhaji, can ƙarshen gari inda gidaje suke jingine da dutse. Mu uku ne a gidan: ni, da Alhaji, da Goggo Hari, ƙanwar babana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta karɓe komai, daga tukunya har makullin rumbu. Alhaji a ofishin hakimi ya yi aiki har ya yi ritaya, mutum ne da a da in ya yi gyaran murya a zaure sai yaran unguwa su watse. A shekarar da nake ba ki labari idonsa ya tafi. Yana bambance rana da inuwa, amma ba ya ganin abin da ke gaban ƙafarsa. Masallaci ya gagare shi sai ranar Juma'a in an samu mai riƙe masa hannu. Duniyarsa ta koma wuri uku: ɗakinsa, da dutsen da yake zama a kai ya yi alwala, da tabarmarsa a gindin darbejiya inda yake salla yana shan iska.

Ni kuwa na gama sakandare, sakamako bai fito yadda nake so ba, ina zaune a gida kamar an ɗaure ni a turke. In share tsakar gida, in sake sharewa, in hau dutse, in sauko, in ɗauki waya, in ajiye. Abin da ya hana ni haukacewa awakina ne. Asalinsu akuya ɗaya ce, ja mai farin goshi, wadda Inna ta bar mini ranar da za ta tafi Babura. Kin san halinta, igiyar kawai ta sa mini a hannu ta juya. Da damina ta ja baya sai ɓarayi suka hauro katanga ta bayan dutse suka tafi da akuyar da manyan 'ya'yanta, suka bar mini ƙanana. Da safe na tarar da igiya a yanke. Ina tsaye ina zage-zage sai Alhaji ya kira ni. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa ango mai rowa, irin wasan kaka da jika, amma ranar babu wasa a muryarsa.

"Na ji su, amarya," ya ce. "Na ji dirarsu, na ji lokacin da suka toshe mata baki. Na kira Hari, na kira ki, muryata ba ta kai ba. Da na tashi sai na rasa ƙofa."

Wannan maganar ta fi satar ƙona mini rai. Ban yi shawara da kowa ba. Washegari na hau acaba zuwa Gwiwa, na wuce rugar Kawu Buba, yayan Inna, don na ji karyarsa ta haihu. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni dariya ya yi har hularsa ta karkace.

"Gidan Alhaji za ki kai kare? Gidan da Hari take? To ɗauki. Duk ranar kasuwa ina shigowa Kazaure, in kin gaji sai in karɓi abina."

Na zaɓi wanda ya fi cizon zanina, ɗan kwikwiyo ja mai ƙaton ciki, na sa shi a kwali muka dawo yana kuka har gida. Goggo tana tankaɗe na shigo. Ta leƙa kwalin, ta saki rariya.

"Innalillahi! Sa'adatu, me nake gani? Abin da zai kore mana mala'iku kika ɗauko a kan babur?"

"Gadi zai yi, Goggo."

"Wannan? Ai kaza ma sai ta sace shi."

Alhaji yana gindin darbejiya yana jin mu. Ya ce an yarda a ajiye kare don tsaron dabba, ya karanta wannan tun kafin a haifi Goggo. Sannan ya tambaye ni launinsa. Na ce ja ne.

"To Dogari ne. Dama na yi kewar dogarai." Ya gyara zama. "Amma saurara, amarya. Ba zai shiga ɗaki ba. Ba zai sa baki a kwano ko randa ba. Kuma ba zai ɓata mini wurin salla ba. Na ƙarshen nan ki riƙe shi da kyau. Ku kuna da ido, in kun ga najasa sai ku kauce. Ni sai goshina ya gaya mini. Ranar da haka ta faru, ya koma ruga."

Na ce na yarda, da saurina, yadda nake yarda da komai.

Ban san ɗan kwikwiyo ba ya riƙe fitsari ba. Ya sha ruwa, ya yi. Ya tashi daga barci, ya yi. Ya yi wasa, ya tsaya a tsakiyar wasan ya yi. A lokacin kuma bai daɗe ba da ɗan Goggo ya aiko aka shafe rabin tsakar gidan da siminti, tana ji da shi kamar ta kwanta a kai. Ta ce ba a kan simintinta ba, kuma ba da tsintsiyarta ba. Ta shiga ɗakin shirgi ta jawo wata tsohuwar tabarmar kaba da gefenta ya zare, ta shimfiɗa kusa da turken awaki da ƙafarta.

"Nan zai riƙa yi. Ki ɗauka ki kakkaɓe a juji, ki wanke ki shanya. Kada in ga ɗigo ɗaya a wani wuri."

Ki riƙe wannan, Nana, don shi ne abin da ake cirewa in ana ba da labarin. Tabarmar ta Goggo ce, dabarar ma tata ce. Ni dai na ga ta yi hankali na bi. Na duba a waya, na ga an ce a zaɓa masa wuri ɗaya, a kai shi da zarar ya farka ko ya ci abinci, in ya yi a wurin a ba shi wani abu mai daɗi nan take. Na cika bakin zanina da ƙuli-ƙuli. Dogari yana da kai, ban taɓa musun wannan ba. Ba a jima ba ya gane. Da ya ji matsuwa sai ya ruga kan tabarmar, ya gama, ya zo ya zauna a gabana yana kaɗa jela. Har cika baki na riƙa yi, ina ce wa Alhaji ɗalibina ya fi 'yan ajinmu.

Sai ƙafafunsa suka yi ƙwari ya fara yawo. Abu na farko da ya ɓata shanyar kuɓewar Goggo ce, wadda ta baza a kan tabarma a rana. Ta zubar da ita duka, ta zari kara ta zane shi, ta ce in kamo shi in tura hancinsa a ciki don ya gane. Ban tura ba, amma ban hana ta dukan ba. Abin da dukan ya koya masa ɗaya ne, kada ya yi a gaban mutane. Ya koma fakon ido. Wata maƙwabciya ta zo barka da wani abu, ta tashi daga tabarma da jiƙaƙƙen zani. Na ɗaure shi, ya yi ta kuka har Goggo ta ce in kwance shi kanta zai fashe. Na rasa gane masa. Ga tabarmarsa can, yana zuwa kanta yana yi, me kuma ya kai shi wasu wuraren?

Ranar da abin ya faru ina wanke-wanke, Alhaji yana sallar la'asar a gindin darbejiya. Na ga ya daɗe a sujada. Sai ya ɗago, ya zauna, bai ci gaba ba. Ya shafa tabarmar da tafin hannunsa a hankali, ya kai hannun hancinsa. Ban san lokacin da kwanon ya suɓuce mini ba.

"Amarya, kawo mini ruwa da wata riga."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina zuba masa ruwa yana wanke goshi, yana wanke gemu, yana sake wankewa. Da na ɗaga tabarmar a rana na ga shaida ba ɗaya ba, wata ta bushe tun tuni. Ya tambaye ni ko ta yau ce kaɗai. Na so in yi ƙarya, na kasa. Daga nan har magariba yana ɗaki yana rama salloli a kan gwiwoyin nan nasa masu ƙara. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ai wanda bai sani ba babu laifi a kansa." Ya ce ya sani, ransa ne bai kwanta ba. Tun daga ranar ya daina fitowa gindin darbejiya. Ya koma salla a cikin ɗaki, cikin zafi da duhu, a kan buzun da yake ratayewa a ƙusa da hannunsa. Na kawo kare don tsohon nan ya samu kwanciyar hankali, sai ga shi na ƙwace masa ɗaya daga cikin wurare ukun da suka rage masa.

"Ranar kasuwa Buba zai zo ya tafi da abinsa," in ji Goggo.

"Ango, ka ce wani abu mana."

"Sharaɗi ne, amarya, kuma da bakinki kika karɓa."

Na hau dutse na zauna har aka kira isha. Washegari da hantsi ina ba awaki dusa, ba na kula kowa, sai na ji Alhaji ya kira ni daga bakin ƙofarsa. Ya ce in kira Goggo ma.

"Tun da karen nan ya zo nake sauraronsa, ba ni da wani aikin. Ku gaya mini, akwai wadda ta taɓa ganin ya yi a kan ƙasa ko a kan siminti tun da ya yi wayo?"

Na duba a raina, babu.

"Kafin ya yi ina jin farcensa a kan kaba, ƙarat, ƙarat. In ya gama sai in ji ya nufi inda amarya take, yana jiran ladansa. Kun sa yaro a makaranta, ya haddace darasinsa tsaf, kun kama shi da duka. Shi bai san tabarmarsa ba, tabarma kawai ya sani. A gidan Bahaushe kuka koya wa kare cewa tabarma ce masai! Ku gode wa Allah bai san hanyar masallaci ba."

"Au, Baba, ni za a ɗora wa?" in ji Goggo.

"Ban kira suna ba, Hari."

Dariya ta ƙwace mini, ta farko tun ranar la'asar ɗin. Ya ce kasuwar wannan makon ta yi kusa, ya ɗaga mini zuwa ta sama, daga nan babu ƙari. A ranar na ƙone tsohuwar tabarmar. Na bi duk tabarmin gidan na naɗe, na ɗaure, na cusa su a saman rumfa inda ba zai kai ba. Na goge duk inda ya taɓa ɓatawa da toka da omo don kada warin ya sake kiransa. Na share tsohon akurkin kaji na sa shi a ciki, don na lura ba ya ɓata inda yake kwana. Sabon wurinsa juji ne, bayan turke, inda ake zubar da toka. Saura kai shi can a kan lokaci, kuma nan ne matsalata. Ni mutum ce da in na ɗora tukunya sai in manta da ita. Na makara sau ɗaya, na makara sau biyu, Alhaji ya ce in zo.

"Ni da karenki ciwonmu ɗaya, mafitsara ta daina riƙe amana. Duk lokacin da na tashi zan buga buta a kan dutse. Kina ji, ki ɗauke shi ki ruga juji."

Butar ƙarfe ce, tsohuwa, tun ta aikin hajjinsa, duk ta lotse. In ya buga ta a dutsen alwala har maƙwabta suna ji. Ƙwal, ƙwal. Da asuba ƙwal, da hantsi ƙwal, azahar, la'asar, da tsakaninsu duk lokacin da tsufa ya tashe shi. Ina cikin wanka, ƙwal. Na kai loma baki, ƙwal. In fito a guje, in buɗe akurki, in sungume shi, in dire shi a kan toka, sannan in tsaya. Tsayuwar nan ita ce azabar. Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa, ga ni tsaye a juji ina jiran kare ya ga dama. Ya shinshina nan, ya bi ƙadangare, ya ɗago ya dube ni kamar yana tambayar ina tabarmar. Bakina cike da zagi, amma in na daka masa tsawa sai ya maƙale ya ƙi yi, mu koma ya yi a hanya. Dole na koyi rufe baki. In ya yi, ƙuli-ƙuli da yabo kamar ya ci jarrabawa. Wani lokaci ya samu buhu ya yi a kai, wani lokaci faifan Goggo da ya faɗo. Akwai ranar da na same shi zaune a ƙarƙashin rumfa ya ɗaga kai yana kallon tabarmin da ke sama yana kuka.

Goggo kuwa ta samu abin faɗa. Gida babu tabarma, baƙi sai a kifa musu turmi ko a ba su kujerar tsuguno. Kowa ya shigo sai ta ce, "Ku yi haƙuri, tabarminmu sun tafi hutu, muna da ɗan sarki a gidan." Tuwo ma a tsugune muke ci. Amma a hankali abin ya fara kamawa. Ranar da na ji ƙwal na buɗe akurki ya riga ni zuwa juji da ƙafarsa, sai da na yi guɗa. Alhaji ya ce daga ɗaki, "Wa aka aurar?"

Ana cikin haka Kawu Buba ya kira ni a waya.

"Innarki ta sauka, an samu mace. Ta ce a gaya wa yarinyar can ta Kazaure, in tana da hali ta zo suna."

Ke ce, Nana. Kuma sai na yi miki bayanin wannan saƙon, don ni kaina a lokacin ban auna nauyinsa ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar 'yar fari, irin tasu ta ruga da ba a sassautawa. Ba ta taɓa aikowa a kira ni ba. Da ta haifi yayyenki maza a bakin mutane na ji. Mace irinta ta buɗe baki ta ce wa yayanta a kira mata ni, Allah kaɗai ya san kwana nawa ta yi tana juya maganar. Ni kuwa abin da na fara lissafawa shi ne sunan zai faɗo kafin ranar kasuwa, kuma 'yar fari ba ta zuwa suna ta juyo a ranar, sai an yi girki da ita, an yi wanke-wanke, an mayar da tukwanen aro.

"Ki tafi mana, uwarki ce," in ji Goggo, fuskarta har sheƙi take. "Karen ni zan kula da shi."

Na san irin kulawar. Ba za ta taɓa shi da hannunta ba. Ko ya kwana ya wuni a akurki har ya koyi ɓata makwancinsa, ko ta sake shi ta sauko da tabarmi. Ko wanne aka yi, ranar kasuwa zai bi Kawu. Na je wurin Alhaji.

"Ki tafi, amarya. Kare ana samun wani."

"Goggo za ta sake yarda a kawo wani?"

Ya kau da kai, na ƙara matsa masa.

"In an sake haurowa fa? Ka sake kira muryarka ba ta kai ba?"

"Ki tafi, na ce."

Na haɗa kaya, na kwance, na sake haɗawa. Ranar jajiberin suna na saɓa jaka na tafi tasha. Har na shiga motar Babura, na samu wuri kusa da taga, muna jiran ta cika. Ina zaune ƙafata tana bugun ƙasan motar. Sai wani mai shayi a gefe ya buga cokali a jikin butarsa. Wallahi ban san na miƙe ba, sai da kaina ya bugi rufin motar. Na ga Alhaji a raina yana lalubo dutse, yana buga buta don sabo, babu mai fitowa. Na ce wa na kusa da ni ya matsa. Kwandasta yana ta ihu, "Hajiya, saura mutum ɗaya fa!" Ban waiwaya ba. Kuma tun da na ce zan gaya miki duka, akwai haushi a ciki. Wata zuciyar tana ce mini matar da ta bar ni da igiyar akuya ta tafi, ita ma ta ɗanɗana jira. Wannan zuciyar ba ita ta sauko da ni daga mota ba, amma ba ta hana ni saukowa ba.

Na kira Kawu na ce ya ce wa Inna ina da aiki. Ya ce wane aiki. Ni da bakina, na ce ina koya wa kare fitsari. Shi kuma ya kai saƙon yadda na ba shi, a gidan suna, mata cike da tsakar gida. Daga nan labarin da kika ji ya samo asali.

Ranar kasuwa Kawu ya iso bayan azahar da igiya a aljihu. Abin da ya ba ni mamaki, tun da rana na ga Goggo, wadda ba ta taɓa ba Dogari ko ƙanzo ba, ta tura masa kasko cike da tsinkakken kunu da ƙafarta. Ya shanye, cikinsa ya yi tim, ya kwanta barci. Da Kawu ya zauna aka gaisa, ta hau turmi ta sauko da sabuwar tabarmar da aka saya wa Alhaji, ta shimfiɗa ta a gindin darbejiya, ta daddanne gefen.

"To a sake shi mu gani. Kuma Baba, kada a buga buta. Ba kullum za a ce kana zaune kana yi wa kare ƙararrawa ba."

Alhaji yana kan dutsensa, butar tana hannunsa. Ya ce, "Gaskiyarki, Hari," ya ajiye ta a ƙasa a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba.

Na buɗe akurki. Dogari ya fito ya yi miƙa, ya yi hamma, sai hancinsa ya kama ƙanshin sabuwar kaba. Kai tsaye ya nufe ta. Ya hau. Na ji farcensa, ƙarat, ƙarat, kuma na san Alhaji ya ji. Ya sunkuyar da hanci ya fara zagaye. Na ɗaga ƙafa.

"Tsaya inda kike, amarya."

Yadda ya san na motsa, ban sani ba. Na tsaya, na cije bakin mayafina. Dogari ya zagaya, ya rage tsawo kamar zai tsuguna, sai ya tsaya cak. Ya ɗaga kunne ya juya wajen dutsen alwala yana jira. Babu ƙwal. Ya dube ni, ya yi ɗan kuka, ya sake duban dutsen. Sai kawai ya zabura, ya bi ta ƙarƙashin cikin akuya, ya ɓace bayan turke. Muka ji shiru, irin shirun da na fi kowa sani. Can sai ga shi ya dawo da toka a ƙafa, ya zauna a gabana yana kaɗa jela. Na laluba bakin zanina, babu komai, rikicin ranar ya sa na manta. Sai na ga wani abu ya faɗo a gabansa. Goggo ce ta jefo guntun ƙuli-ƙuli daga faranti.

"Ungo, ɗan banza. Ka ja mini asarar kunu."

Kawu ya mayar da igiyarsa aljihu yana dariya. Alhaji ya yi alwala, ya miƙo hannu.

"Hari, kai ni tabarmata."

"Baba, ya taka ta fa."

"Busasshiyar ƙafa ce. Kai ni."

Ta kai shi. Ya shafa tabarmar da tafin hannu tun daga sama har ƙasa, abin da bai daina yi ba har ya bar duniya, sannan ya ta da kabbara a ƙarƙashin darbejiya. Da rani ya yi nisa an sake haurowa ta bayan dutse. Alhaji ya ji, Dogari ya ji, kuma wannan karon unguwa duka ta ji.

Na je Babura washegarin kasuwar. An watse, an mayar da tukwane, ko ƙanshin suna babu. Inna tana zaune a bakin gado tana riƙe da ke. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na yi barka, ta amsa wa bango. Na zauna a ƙasa, ni da ba na iya zama, har ƙafata ta mutu. Can sai ta ɗaga ki, ta gyara miki hula, ta yi magana da ke, ke da ko ido ba ki gama buɗewa ba.

"Nana, tambayi baƙuwar nan, karen ya yi hankali?"

"Ya yi, Inna."

Ta daɗe tana kallon fuskarki.

"To ce mata saura ita."

Sannan ta miƙo ki ba tare da ta dube ni ba, kamar yadda ta taɓa miƙo mini igiya, na karɓe ki.

Tun daga ranar ba ta sake aikowa a kira ni ba. Ina zuwa, kin sani, da salla da ba salla, amma da ƙafata nake zuwa, kiran nan guda ɗaya ne kuma na kashe shi a juji. Alhaji ya samu shekarunsa na ƙarshe a gindin darbejiya, wannan ba na nadamarsa, ko yau aka sake sai na sauko daga motar. Abin da ban faɗa wa Inna ba shi ne har cikin motar na shiga, da jakata da turmin atamfar da na saya miki. Ban iya faɗa mata a fuska ba, ita ma ba za ta iya saurara a fuska ba. Tun kina kwana goma a duniya ta wurinki take magana da ni. To ni ma ta wurinki zan bi. In kin koma Babura, ki bari sai tana tsintar shinkafa, ki zauna a bayanta, ki karanta wannan da ƙarfi kamar kanki kike karanta wa.